Amsa: Shin laftof mai 3.0GHz ta fi mai 2.4GHz sauri?

Malam, laftof biyun da ka ce ka gani, ba dole ba ne mai 3.0GHz ɗin ta fi sauri. GHz yawan bugun furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) ne a sakan ɗaya, 3.0 wato biliyan 3, amma aikin da take gamawa a kowane bugu shi ne magana kuma nan sabbi suke yi wa tsofaffi fintinkau. Misali, tsohuwar furosesa Pentium 4 ta kai har 3.8GHz amma da sabuwa Core 2 Duo ta fito a 2006, mai 2.4GHz ma ta wuce ta. Sannan in ƙura ta toshe fanka furosesa ta ɗau zafi, da kanta take rage gudu. Duba RAM (ma'ajiyar wucin gadi ta aikin da ake kan yi) nawa ne, akwai SSD (ma'ajiyar fayil mai sauri) ko babu, don su ma suna shafar sauri, ka turo cikakken sunan furosesan mu gani.