Dalilin da ya sa ba mu warware ɗinkin mesar nan ba tukuna

Ɗana, jiya da yamma muna wanke kayan aiki ka tambaye ni dalilin da ya sa na hana ka warware ɗinkin ƙaramar mesar da ke ɗakin baya, alhali kwana 12 ke nan da yi mata tiyata, kuma abin da ka saba gani a jikin kare ko akuya shi ne a cire zare bayan kwana 10 zuwa 14. Ka kuma ce hankalinka bai kwanta ba ganin ba ta ci komai ba tun da aka kawo ta. Ban amsa maka nan take ba saboda maganar tana da tsawo, shi ya sa na zauna na rubuta maka domin ka ajiye ka riƙa dubawa.

Ka tuna halin da ta zo mana. Irin mesar nan ce mai dunƙulewa kamar ƙwallo idan ta tsorata, wadda asalinta nan Afirka ta Yamma ne, kuma daga Ghana da Togo da Benin ake fitar da ita zuwa Turai da Amurka don kiwo a gida. Ba ta da dafi, da wuya tsawonta ya wuce mita ɗaya da rabi, kuma idan ta sami kulawa takan yi shekara 20 zuwa 30 a raye. Mai kiwonta ya jefa mata ɓera mai rai ya tafi ya kwanta, ita kuma sanyin hunturu ya kashe mata jiki ba ta kama shi ba, sai ɓeran ya kwana yana gaigayar bayanta. Sai bayan mako guda wani maƙwabcinsa ya karɓe ta ya kawo mana, ciwon ya riga ya ruɓe, ita kuma fatarta ta yamutse don rashin ruwa. Wannan ne ya sa muka yi kwana biyar muna ɗumama ta, muna yi mata ƙarin ruwa da wankin ciwo, kafin mu kusance ta da wuƙa.

Amsar tambayarka duka tana cikin ɗumin nan. Akuya jikinta ne ke haɗa mata ɗumi, ko a hunturu ko a bazara zafin jikinta kusan ɗaya ne, saboda haka namanta yana tofowa ba tare da ya jira yanayi ba. Maciji kuwa aron ɗumi yake yi daga wurin da yake kwance, kuma bugun zuciyarsa, da narkar da abincinsa, da ƙarfin jikinsa na yaƙi da ƙwayoyin cuta, da yadda hanta da ƙoda ke sarrafa maganin da muka ba shi, da warkewar rauni, duk suna tafiya ne gwargwadon wannan ɗumi. Shi ya sa na ce gefe ɗaya na akwatinta ya tsaya a digiri 31 zuwa 32, ɗaya gefen kuma 26 zuwa 27, domin ta zaɓi inda jikinta ke so. A shekarun farko na aikina na yi wa wata mesa ɗinkin da na yi alfahari da shi, na bar ta a ɗaki mai sanyin ƙasa, aka ɗauke wuta cikin dare, ba ta farfaɗo daga allurar barci ta ketamin da na yi mata ba har ta mutu a kwana na uku. Har yau abin yana damuna, kuma tun daga ranar ban sake barin majinyaci irinta ba tare da ma'aunin zafi a cikin akwati ba. Idan aka ɗauke wuta, ka cika gora da ruwan ɗumi, ka naɗe ta da tawul, ka jingina ta a bayan akwatin ta waje. Kada ka sa ta ciki, domin maciji yakan kwanta a kan abu mai zafi har cikinsa ya ƙone bai matsa ba.

Akwai masu cewa a sa maciji cikin ƙanƙara ko firji ya sandare sannan a yi masa aiki. Kada ka taɓa yarda da wannan. Sanyi motsi kawai yake hana shi, zafin wuƙar yana jin sa, kuma bayan haka jikinsa ba ya da sauran ƙarfin warkewa.

Ka ga yadda muka yi a ranar tiyata, amma ina so ka san dalilin kowane abu. Maciji ba shi da tantanin nan da ya raba ƙirji da ciki, da tsokar haƙarƙari yake jan numfashi, kuma huhun dama ne ke ɗauke da yawancin aikin. Da zarar maganin barci ya kama shi sai numfashin ya tsaya, shi ya sa na zura siririn bututu a ƙofar maƙogwaronta, wadda take nan a gaban baki ana ganinta sarai, na ce ka riƙa matsa jakar iska a hankali sau huɗu a minti. Barcin yana saukowa ne daga kai zuwa wutsiya, farkawa kuma tana hawowa daga wutsiya zuwa kai, don haka wutsiya nake mintsina idan ina son sanin zurfin barcin. Da muka gama na rufe oksijin na ce ka ci gaba da ba ta iskar ɗaki, saboda ƙarancin oksijin a jini ne ke zaburar da maciji ya ja numfashi da kansa, idan ka cika shi da ita sai ya daɗe bai motsa ba.

Game da ciwon kansa, mugunyar maciji ba ta gudana kamar ta akuya, dasƙarewa take yi kamar cuku, kuma matsa ta ba ya fitar da ita, sai an kwakule ta tas an yanke mataccen nama har a iske mai jini. Ƙananan raunuka biyu na bar su a buɗe ana shafa musu man ƙuna mai sinadarin azurfa, babban kuma na ɗinke. A nan ne nake so ka natsu. Fatar maciji idan aka yanka ta, bakinta lanƙwashewa yake yi ciki, kuma idan ɓawo ya haɗu da ɓawo ba za su taɓa mannewa ba ko da za su shekara. Dole ne ɗinkin ya juyo da leɓɓan fatar waje, ɗanyen nama ya taɓa ɗanyen nama, shi ya sa ka ga wurin ya yi tudu kamar kunyar gona. Wannan tudu ba kumburi ba ne, kuma fatar ce kaɗai ke riƙe da raunin, domin naman da ke ƙarƙashinta ba ya riƙe zare sosai. Idan ka cire zaren yau, da ta miƙe sau ɗaya ta lanƙwasa, wurin zai dare. Ba na taɓa irin wannan ɗinki kafin mako shida, kuma na fi so in jira ta yi saɓa tukuna.

Saɓar tana nan tafe, domin maciji mai rauni yakan yi ta akai-akai fiye da mai lafiya. Za ka ga launinta ya dusashe, idanunta sun yi hazo-hazo na 'yan kwanaki, sannan su washe, bayan nan tsohuwar fatar ta fara fita. Za ta maƙale a wurin zaren, kada ka ja ta. Ka sa mesar cikin ruwa mai ɗumi marar zurfi na kamar minti 15, sannan ka share wurin da jiƙaƙƙen tsumma a hankali. Tabo zai zauna, ɓawon wurin ba zai dawo a jere kamar dā ba, amma da kowace saɓa yana raguwa.

Maganar abinci kuwa kada ta hana ka barci. Irin wannan mesa takan yi watanni ba ta ci ba, musamman lokacin sanyi. Abinci mai girma zai miƙar da fatar da muka ɗinke, kuma tun da muna ɗaukar ta don allura, za ta iya amayar da shi, wanda ya fi yunwar illa. Nauyinta kilo 1 da giram 200 ne ranar da aka kawo ta. Ka riƙa auna ta duk mako kana rubutawa, idan ta rasa kashi ɗaya cikin goma ka sanar da ni. Bayan an gama allurai za mu gwada ta da ƙaramin ɓera matacce, da dare, mu rufe akwatin mu bar ta.

Allurar seftazidim, maganin kashe ƙwayoyin cuta da muke yi mata, miligiram 20 ce ga kowane kilo, wato 24 a wajenta, duk bayan awa 72, domin maganin yana daɗewa a jikinta. Ka yi ta a tsokar da ke gefen ƙashin baya, a kashi ɗaya cikin uku na gaban jiki, ka bi tsakanin ɓawo biyu, wannan karo dama, karo na gaba hagu. Shimfiɗarta takarda ce kawai, a canza ta da zarar ta ɓaci, ban da garin katako da ke shiga ciwo, ban da filasta da ke ɗaye ɓawo. Ka bar mata kwalin ɓuya, domin macijin da ba shi da maɓoya ba ya hutawa. Ka wanke hannu da sabulu kafin ka taɓa ta da bayan ka taɓa ta, saboda macizai suna ɗauke da ƙwayoyin cutar salmonela a hanjinsu. Idan ka ga tana buɗe baki don numfashi, ko kumfa a bakinta, ko cikinta ya yi ja, ko ciwon ya fara wari, ka kira ni ko da tsakar dare ne.

Gobe ranar allura ce, kuma kai za ka yi ta ina tsaye a gefenka. Kafin ka buɗe akwatin, ka karanta ma'aunin zafi na gefe biyun ka rubuta a katinta.