Zaman da kike yi da su, shi ne aikin

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ni ɗaliba ce a makarantar koyon aikin jinya, shekara ta uku. An tura mu sashen masu taɓin hankali na mako shida, yau kwana goma ke nan amma na kasa gane mene ne aikina. A sauran sassa akwai wanke ciwo, ƙarin ruwa da allura. Nan kuwa da an raba magani sai zama. Sannan akwai wata baiwar Allah da ke ce min tana jin muryoyi suna zaginta, har ta tambaye ni ko ni ma ina ji. In ce mata babu komai, ko in biye mata a zauna lafiya?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Wasiƙarki ta sa ni murmushi, don ni ma a makona na farko gyaran gadon da ba ya buƙatar gyara na yi ta yi, don dai a ga hannuna yana motsi. Wata tsohuwar sista ce ta karɓe zanin gadon, ta nuna min wani dattijo da ya kwana uku bai ce uffan ba, ta ce in je in zauna. Na zauna minti goma sha biyar. Sunana kawai na faɗa masa, da cewa gobe war haka zan dawo. Na kuwa dawo. A rana ta huɗu ya ɗago kai ya tambaye ni ƙarfe nawa, daga nan aka kama bakin zaren.

A wannan sashen ke kanki ce kayan aikin. Wata ma'aikaciyar jinya 'yar Amurka, Hildegard Peplau, ita ce ta tsara wannan fahimta a 1952: alaƙar da ke tsakanin nas da majinyaci ita ma magani ce, kuma tana da farko da tsakiya da ƙarshe. Ƙarshen nan shi ɗalibai suka fi mantawa. Ki faɗa wa majinyatanki tun yanzu ranar da za ki bar sashen. Mutumin da ya sha wuya kafin ya yarda da ke, bai kamata ya wayi gari ya ga kujerarki babu kowa ba. Kuma yarda ba ƙawance ba ce. Ba a ba da lambar waya, ba a yin alkawarin da ba za a iya cikawa ba.

Kina zaune, idonki da kunnenki suna aiki. Majinyacin ya yi wanka? Maganarsa da sauri take fita kamar ana korarsa, ko sai an jawo ta? Awa nawa ya yi barci? Yana waiwaye kamar wani ya kira shi alhali babu kowa? In kin zo rubutu, abin da kika gani za ki rubuta, ki bar hukunci. Na tsani ganin "ya yi fitina da daddare" a fayil. Ki rubuta cewa ya yi ta kai-komo daga ƙarfe 2 zuwa 4, ya ce ƙafafunsa sun hana shi zama. Bambancin ba ƙarami ba ne. Magunguna irin su haloperidol, da chlorpromazine da aka fara amfani da shi a Faransa a 1952, suna iya sa mutum ya kasa zama wuri ɗaya, ko wuyansa ya sandare, ko hannunsa ya riƙa rawa. Likitan da ya karanta "fitina" zai iya ƙara maganin, abin ya ƙara ta'azzara. Haka mai shan maganin lithium: in kika ga amai, gudawa, karkarwa mai ƙarfi da tangaɗi, kada ki jira zagayen likitoci na safe, maganin ne mai yiwuwa ya yi yawa a jininsa.

To, batun baiwar Allah mai jin muryoyi. Duka hanyoyin biyu da kika kawo ba za su kai ki ba. In kika ce mata babu komai, kin ƙaryata abin da take ji ɓaro-ɓaro kamar yadda take jin muryarki, kuma ba za ta sake faɗa miki ba. In kika ce kina ji, kin yi mata ƙarya, kin kuma ƙara wa tsoronta gindin zama. Abin da nake faɗa shi ne: "Ni ban ji ba, amma na yarda ke kina ji, kuma na ga abin yana tayar miki da hankali. Me suke ce miki?"

Kada ki tsallake tambayar ƙarshen nan. Muryar da ke zagi daban, muryar da ke ba da umarni daban. In suna ce mata ta ji wa kanta ciwo ko ta cutar da wani, nan take za ki sanar da babbar nas. Ki kuma tambaye ta kai tsaye ko tana tunanin kashe kanta. Na san bakinki zai yi nauyi, nawa ma ya yi, amma tambayar ba ta dasa wa mutum tunanin da ba shi da shi. Da yawa ajiyar zuciya suke yi don an samu mai tambaya.

Wataƙila ta ce za ta faɗa miki, amma ki rantse ba za ki gaya wa kowa ba. Kada ki rantse. Ki ce mata sirrinta ba zai fita daga hannun masu kula da ita ba, amma duk abin da ya shafi ranta dole su sani. Za ta iya ɗaure miki fuska na kwana ɗaya ko biyu. Ki dawo ki zauna a lokacin da kika ce za ki dawo.