Hukuncin cutar da ma'aikatan agaji a yankunan da 'yan bindiga suka addaba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikacin jinya ne a ƙasar Shinkafi, ina aiki da wata ƙungiyar agaji ta waje mai kula da yara masu tamowa. Wasu a garinmu na cewa tunda shugabannin aikin ba Musulmi ba ne, babu laifi idan 'yan bindiga sun tare motarsu. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Ɗan'uwa, wannan magana ɓata ce, kuma mai yaɗa ta ya tuba.

Duk baƙon da ya shigo da izinin hukuma, sarakuna suka karɓe shi, malaman fiƙihu suna kiransa musta'amin, wato wanda aka ba wa amana, kuma jininsa da dukiyarsa haramun ne. Ya tabbata a Buhari cewa Annabi (SAW) ya ce wanda ya kashe ma'abocin alkawari ba zai ji ƙanshin Aljanna ba. Ranar buɗe Makka kuwa, mace ɗaya, Ummu Hani, ta ba da mafaka, Annabi ya zartar da ita. To ina ga amanar da gari guda ya bayar? Tare hanya da sace mutum don kuɗin fansa hiraba ce, wato fashi da makami, wadda aya ta 33 a Suratul Ma'ida ta yi wa hukunci mai tsanani, kuma wanda ya tsegunta wa ɓarayin daji lokacin fitowar mota abokin tarayya ne a zunubin.

Mu a Zamfara bai kamata mu manta da 2010 ba, lokacin da gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara a Anka da Bukkuyum, likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka zauna cikinmu suna magani. Kuma abin da ke sosa mini rai shi ne, yawanci 'ya'yanmu ne ke cikin motocin nan. Saifura Khorsa da Hauwa Liman, ma'aikatan lafiya da aka sace a garin Rann na Jihar Borno aka kashe a 2018, Musulmi ne.

Kare ma'aikatan agaji da baki farilla ce ta kifaya, wato wadda idan wasu suka yi ta sauka daga kan saura, a kan limamai da hakimai, a huɗuba da zaman fada. Kai kuma aikinka halal ne mai lada, sai dai kada ka bi hanyar da aka tabbatar maka akwai kwanto, domin Allah Ya hana jefa kai cikin halaka.

Allah ne Mafi sani.