Kacici-kacicin majalisar shayi: wanda ya kasa ya ba da gari

Wa'alaikumus salam, Malam. Ka ce majalisarku ta bayan isha'i a Kusiri, garin Kamaru da ke tsallaken kogi da Njamena, ta mutu, kowa ya sunkuya kan waya, kana neman kacici-kacici da 'yan labaran tarihi da za su sa a ɗago kai, kuma kana tambaya yadda ake jan zaren abin kada ya zama gardama. To, tambayoyin ba su da wuyar samu. Abin da ke kashe wasan shi ne mai tambaya ya kawo abin da shi kansa bai san dalilin amsarsa ba, ko ya ɗauko tambayar da babu abin da ya haɗa ta da mutanen da ke zaune. Ka gina naka a kan kwalekwale da jarkar mai da canjin kasuwa, za ka ga har mai hura gawayi ya sa baki.

Ka buɗe da gajeru na gida, waɗanda kowa ya ji tun yana yaro. Ƙulun ƙulufit, gauta. Baba na ɗaka gemu na waje, wuta da hayaƙi. Shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya, tsintsiya. Amfaninsu kawai su kwance bakin mutane, don haka uku sun isa. Daga nan sai ka dawo da tsohuwar ƙa'ida: wanda ya kasa ya ba da gari. Amma ka ƙara mata sharaɗi ɗaya. Wanda aka bai wa gari ba zai faɗi amsa ba sai ya faɗi abu ɗaya na gaskiya game da garin, in ya kasa garin ya koma hannun mai shi. Ta nan tarihi ke shigowa ba tare da kowa ya ji an sa shi a aji ba.

Tunda a bakin kogi kuke, ga na farkon masu nauyi. Mutum ne ya zo gaɓar kogin Logon da kura da akuya da damin harawa, kwalekwalen kuma ba ya ɗaukar sai shi da abu ɗaya. In ya bar kura da akuya an yi asara, in ya bar akuya da harawa ma haka. Tsallakawa bakwai ce. Ya kai akuya, ya dawo shi kaɗai. Ya kai kura, ya dawo da akuya. Ya ajiye akuya ya kai harawa wajen kura, ya dawo shi kaɗai, sannan ya ɗauko akuya. Inda mutane ke maƙalewa wuri ɗaya ne, tsallakawa ta huɗu, domin ba ya zuwar wa mutum a rai cewa abin da aka riga aka ƙetarar ana iya mayar da shi baya. Kada ka yi saurin ba da wannan haske. Ka ajiye kofi uku da cokali a kan tabarma, ka bar su su yi ta turawa. Kuma ka shirya, dole wani ya ce wane mai hankali ne ke yawo da kura. Ce masa gardi ne, wasa zai kai Njamena. Wani kuma zai ce ai sai ya bi ta gadar Ngeli da ta haɗa Kusiri da Njamena, shi kuma ka tambaye shi takardun kurar.

In aka ba ka Kusiri a matsayin gari, ka samu abin faɗa fiye da na dare ɗaya. A nan aka kashe Rabe ranar 22 ga Afrilu 1900, mutumin da ya ci Borno a 1893 ya mai da Dikwa hedikwatarsa. Rundunonin Faransa uku ne suka haɗu a kansa, ɗaya ta ratso Sahara daga Aljeriya, ɗaya ta biyo ta ƙasar Nijar ta yanzu, ɗaya ta hauro daga Kongo. Kwamandansu Lamy shi ma a wannan yaƙin ya mutu, shi ya sa sansanin da suka kafa a ɗaya gaɓar ya ci sunan Fort-Lamy, har zuwa 1973 da shugaban Chadi Tombalbaye ya mayar da shi Njamena. Kusiri kanta an kira ta Fort-Foureau a zamanin Faransawa. Tambayar da ake kama mutane da ita ita ce: a wace ƙasa aka yi yaƙin da ya buɗe wa Faransa ƙofar Chadi? Kowa zai ce Chadi. A Kamaru ne, kuma a lokacin ma yankin a takarda rabon Jamus ne.

Na biyu na mai awo ne, kuma shi ne ya fi cin lokaci. Mutum biyu sun yi tarayya a man gyaɗa lita 8 cikin jarka cike, suna son raba shi daidai, ba su da ma'auni sai jarka mai lita 5 da mai lita 3, duka babu komai a ciki. Zubi bakwai ne. A cika mai 5 daga babba, babba ta rage 3. A cika mai 3 daga mai 5, mai 5 ta rage 2. A juye mai 3 a babba, ta zama 6. A juye lita 2 ɗin nan cikin mai 3. A sake cika mai 5 daga babba, babba ta rage 1. A ƙarasa cika mai 3 daga mai 5, lita ɗaya kawai za ta karɓa, don haka mai 5 ta rage 4. A juye mai 3 a babba, 1 da 3 sun zama 4. Kafin ka faɗi tambayar ka kafa dokoki biyu da babbar murya: ba a zubarwa ƙasa, kuma duk zubi sai dai wadda ake zubawa ta cika ko wadda ake zubowa ta ƙare. In ka manta da ta biyu, wani zai ce a karkata jarka a ƙiyasta rabi da ido, shi ke nan an koma musu. Kada a yi shi da ka. A zana gida uku a ƙasa, a yi da tsakuwa takwas ko ƙwallon dabino, kowa na gani. Da ka, a zubi na huɗu lissafi ke ɓacewa, har ga mai tambayar.

Na kuɗi kuwa shi ke ta da jijiyar wuya, musamman in akwai 'yan kasuwa a wurin. Wani ya sayi kaya na jaka shida, wato sefa 6000, a shago, ya miƙa takardar jaka goma. Mai shago ba shi da canji, ya karɓo a wurin maƙwabcinsa, ya ba mai saye jaka huɗu da kayansa, ya tafi. Can maƙwabci ya dawo ya ce takardar jabu ce, mai shago ya biya shi jaka goma mai kyau. Nawa mai shago ya yi asara? Za ka ji sha huɗu, ka ji ashirin, har ashirin da huɗu. Jaka goma ce. Maƙwabci ya ba da goma ya karɓi goma, bai ci ba bai rasa ba, sai a cire shi daga lissafi gaba ɗaya. Abin da ya fita bai dawo ba shi ne abin da mai jabu ya tafi da shi, kayan shida da canjin huɗu. Masu cewa ashirin suna ƙirga kuɗin maƙwabci lokacin da aka mayar, sun manta da lokacin da aka karɓa. Wani gogaggen zai ce ai kayan ba shida ya sayo su ba, akwai riba a ciki. Yana da gaskiya, don haka tun farko ka ce a farashin sayarwa ake lissafi.

A ganina wannan ce tambayar da ta fi dacewa da garin iyaka, saboda ana iya ƙara mata gishiri da ƙidayar kasuwa. A Njamena da riyal ake ciniki, riyal ɗaya sefa biyar, irin dalar da Hausawan Nijar ke ƙirgawa da ita. In mai tumatir ta ce miya, wato ɗari, sefa 500 take nufi. Baƙo ya miƙa ɗari yana murna ya samu araha, ta bi shi da kallo. Sai ka sake faɗin tambayar jabun da riyal: kayan riyal 1200, takardar riyal 2000. Wanda ya ci ɗazu yana iya faɗuwa yanzu. Asalin ƙidayar kuwa tsohon kuɗin azurfa ne da ya yi yawo daga Bahar Maliya har ƙasar Hausa, mai hoton sarauniyar Ostiriya Mariya Tereza, nauyinsa kusan giram 28. Da kuɗin Faransa ya shigo, sai tsabar faran biyar ta gaji matsayinsa a bakin mutane. Ga kuma tarkon da ke ciki: duk wanda aka buga bayan mutuwar sarauniyar, shekarar 1780 ce a jikinsa, ko da bayan shekara ɗari da hamsin aka buga shi. Don haka in wani ya ce na kakarsa ya haura shekara 240 tunda ga shekara a rubuce, ka yi masa bayani a hankali, kada ka ɓata masa gado.

Sauran garuruwa ba sai an tsawaita ba. In aka ba ka Garwa, can aka haifi Ahmadu Ahijo, shugaban Kamaru na farko, a 1924, ya sauka daga mulki a 1982, ya rasu a Dakar a 1989, kuma can kabarinsa yake, abin da matasa da yawa ke kuskurewa. In Mora ce, a kan dutsenta sojojin Jamus suka yi tirjiya har Fabrairu 1916, su ne na ƙarshe da suka miƙa wuya a Kamaru. In Yola ce, Modibbo Adama ya kafa ta a 1841, kuma mafi yawan ƙasar da take mulka a da tana cikin Kamaru yau. Abeche fadar Wadai ce, Faransawa sun shige ta a 1909, kuma kan hanyar alhazan ƙafa take, hanyar da ta zaunar da Hausawa da yawa a Chadi da Sudan. Akwai ta raha guda: jirgin ƙasa daga Njamena zuwa Abeche kwana nawa yake yi? Za a yi ta ƙiyasi, alhali Chadi ba ta da layin dogo, na Kamaru ma a Ngaundere ya tsaya tun 1974.

Game da gardama da ka ambata, abu biyu ke kawo ta. Ɗaya shekara. In ba ka tabbatar da shekarar abu ba, faɗi zamanin wane ne ka wuce, domin lamba ɗaya ta kuskure tana zubar da duk abin da ka faɗa a daren. Ɗayan barkwanci. Bafulatani da Babarbare suna iya yi wa juna tsiya har shayi ya huce, akwai wasa tsakaninsu tun kaka da kakanni. Wanda ba abokin wasanka ba kada ka sa ƙabilarsa cikin tambaya, kuma labarin Rabe ma a faɗe shi da lura, akwai zuriyar waɗanda suka yi masa yaƙi da ta waɗanda ya yaƙa a tabarma ɗaya. Siyasar yau kuwa a bar ta a bakin ƙofa.

Na ƙarshe da zan ba ka na raƙuma ne. Raƙuma 17 za a raba wa mutum uku, na farko rabi, na biyu sulusi, na uku ɗaya bisa tara, ba tare da an yanka ko ɗaya ba. Wani dattijo ya zo ya ara musu nasa suka zama 18. Rabi 9, sulusi 6, ɗaya bisa tara 2, jimla 17, ya ja raƙuminsa ya tafi. Babu siddabaru a ciki. Kason ukun in an haɗa su kashi 17 ne cikin 18, ba su cika ɗaya ba, don haka raƙumin aro shi ne gurbin da tun asali ba na kowa ba. Da yawa suna faɗinsa a matsayin uba ya mutu ya bar wa 'ya'yansa uku. Kada ka yi haka in akwai malami a wurin, nan take zai tsayar da kai, domin 'ya'ya maza daidai suke raba gado, kuma babu wasiyya ga magaji. Ka ce abokan fatauci ne suke raba riba bisa yarjejeniya.

Masu waya za su nemo amsar cikin minti ɗaya, don haka ka canza lambobin, amma ba kowace lamba ke karɓa ba. Raƙuma 11 suna tafiya da rabi da rubu'i da sudusi: a ara ɗaya su zama 12, a ba da 6 da 3 da 2. Raƙuma 19 suna tafiya da rabi da rubu'i da humusi: su zama 20, a ba da 10 da 5 da 4. In ka canza adadin raƙuman ka bar kason yadda yake, ba lallai dattijon ya samu raƙuminsa ba, kai kuma za ka tsaya kana ƙirga yatsu a gaban jama'a. Ka gwada kowace sabuwar lamba da tsakuwa a gida kafin ka fito da ita.