Shin Ƙarfin Gwamnati Yana Rage Tazarar Arziki?

Ka tambaya ko ƙarfin gwamnati yana rage tazarar da ke tsakanin masu hannu da shuni da talakawa. A ganina, abin ya danganta da waɗanda suke iya tuhumar gwamnatin. Kafin juyin juya halin 1789, sarkin Faransa yana da cikakken iko, amma manoma ne suke ɗauke da nauyin haraji, alhali an yafe wa masu sarauta da malaman coci babban kasonsa. Tarayyar Sobiyet ta ƙwace dukiyar attajirai, sai manyan jami'an jam'iyyar Kwaminis mai mulki suka zama sababbin 'yan gata. Birtaniya kuwa, inda ma'aikata suke da ƙuri'a da ƙungiyoyin ƙwadago masu ƙarfi, ta kafa tsarin kiwon lafiya kyauta ga kowa a 1948.