Keke na yawan tsinka zare, ina mafita?

Wa alaikumus salam 'yar uwa, kin ce kekenki Butterfly ne na ƙafa kuma da kin fara ɗinki sai zaren sama ya tsinke. Kar ki yi saurin kiran mai gyara tukuna, yawanci matsalar daga allura take. Ki cire ta ki duba, in ta lanƙwashe ko bakinta ya dakushe ki canza kawai, sannan wajen sawa gefen nan mai faɗi ya kalli dama, ki tura ta sama har ta tsaya kafin ki ɗaure, zaren kuma ya shiga daga hagu zuwa dama. Atamfa allura lamba 14 ta ishe ta, shadda mai kauri ko jins sai 16 ko 18.

In duk da haka bai daina ba to ki ɗan sassauta tenshan, wato abin da ke matse zaren sama, ki buɗe ƙasa wajen bobin, inda zaren ƙasa yake, ki share tarkacen zaren da ya taru da tsohon buroshi, ki ɗiga man keke. Don Allah banda man gyaɗa, daskarewa yake yi ya kama ƙura. Shi ma zare in ya daɗe a ajiye ruɓewa yake, ki ja shi da hannu ki gani.