Dizzee Rascal da tambayarka kan 'ya'yanmu na Landan

Ɗan'uwa, ka ce ka ga bidiyon wani mai gambara na Ingila, Dizzee Rascal, yana tsalle a gaban dubban Turawa, aka gaya maka ubansa ɗan Najeriya ne, shi ne kake tambaya ko haka 'ya'yanmu na nan suke komawa, ko ma akwai sauran Hausa a bakinsu. Tambayar tana da ƙaiƙayi, amma gara ka ji zancen daga wurinmu da ka ji shi a majalisar masu shayi.

Dizzee dai ba a cikin jama'armu ya taso ba. Sunansa na yanka Dylan Kwabena Mills, an haife shi ranar 18 ga Satumba 1984. Kwabena sunan da Akan na Gana suke ba ɗan da aka haifa ranar Talata ne, da a Kano ne da Ɗantala za a kira shi. Uban ya rasu yana ƙarami, uwar, 'yar Gana, ita kaɗai ta rene shi a gidajen hukuma na unguwar Bow, gabashin Landan. Daga tashar Bow Road zuwa Whitechapel, inda babban masallacin gabashin Landan yake, tasha uku ce kacal a jirgin ƙarƙashin ƙasa. Ka ga yaron da ke zuwa islamiyya da yaron da ke koyon gambara bas ɗaya suke hawa, makaranta ɗaya suke zuwa. An kori Dizzee daga makaranta ba sau ɗaya ba, ajin kiɗa ne kaɗai ya riƙe shi, a kwamfutar ajin ya koyi haɗa kiɗa.

Irin kiɗan da ya fara da shi giraim ake ce masa, kuma yana da ƙa'ida kamar awon ɗinki. Bugu 140 a minti ɗaya. Bugu huɗu su ne gaɓa ɗaya, MC, wato mai rera baitin, yakan rubuta shi gaɓa takwas ko goma sha shida. Gaɓa goma sha shida bugu 64 ke nan, wajen daƙiƙa 27. A cikin wannan ɗan lokaci sai ya shigar da maganarsa duka, ya san inda zai ja numfashi, ya miƙa makirfo ga na gaba daidai kan bugun farko. Wanda ya cika kalmomi da yawa numfashi ke yanke masa a tsakiya, wanda ya makara da bugu ɗaya kuwa kowa ya ji, ba ɓoyo. In baiti ya yi daɗi jama'a suka yi ihu, DJ sai ya tsayar da faifan ya mayar da shi farko. Wannan ne tukuicinsu, nan ba a liƙi a irin wannan fage.

Makarantarsu ta gaskiya a wancan zamani gidajen rediyon bayan fage ne, marasa lasisi, irin su Rinse FM da Deja Vu. Na'urar watsa shirye-shiryen a rufin dogon bene ake ɓoye ta, ɗakin da ake magana kuwa yana wani gini daban, an haɗa su ta iska, don in jami'ai sun ƙwace na'urar ba za su tarar da mutum ba. MC shi ke biyan gidan rediyon kuɗin mako, ba shi ake biya ba. A 2005 kotu ta hana DJ Slimzee na Rinse hawa rufin duk ginin da ya wuce hawa huɗu a gundumar Tower Hamlets. Sai a 2010 Rinse ta samu lasisi. Wanda ya yi suna a rediyo sai ya buga faifai 'yan ɗaruruwa masu farar takarda ba hoto, ya kai shaguna irin Rhythm Division da yake Roman Road a lokacin, a biya shi na wanda aka sayar, ya kwashe ragowar.

Ta wannan hanya Dizzee ya fito, tare da Wiley, wani jagoran giraim, a rukunin mawaƙa na Roll Deep. Kamfanin XL ya fitar da kundinsa na farko, Boy in da Corner, a 2003, ya ci kyautar Mercury da ake ba kundin da ya fi fice a shekara, alhali bai kai shekara ashirin ba. A shekarar ne kuma aka sassoke shi da wuƙa a Ayia Napa, garin shaƙatawa a tsibirin Saifurus.

Abin da ka gani a bidiyo kuwa zango na biyu ne. A lokacin giraim suna yake kawowa, kuɗinsa kaɗan, ga shi daga 2005 'yan sandan Landan sun fito da takardar da ake kira Fom 696: mai shirya casu sai ya miƙa sunayen mawaƙa da adireshinsu mako biyu kafin ranar, sigar farko har launin mahalarta take tambaya. An soke casu da yawa ta haka, sai a 2017 aka janye ta. Dizzee ya juya ga kiɗan rawa na kulob, wanda bugunsa ya fi sauƙi, galibi 120 zuwa 128 a minti, baiti gajere, amshi mai saurin kama baki. Waƙarsa Dance wiv Me tare da mai haɗa kiɗa Calvin Harris ta hau na ɗaya a jerin waƙoƙin Birtaniya a 2008, Bonkers tare da Armand Van Helden da kuma Holiday suka biyo a 2009. Wayon da ya yi shi ne a kamfaninsa na kansa, Dirtee Stank, ya fitar da su. Nan ne yaran da ke shiga harkar suke faɗuwa: kuɗin da babban kamfani ke bayarwa a farko bashi ne, daga cinikin faifai ake cire shi, har kuɗin bidiyo a kan mawaƙin ake lissafawa, kuma asalin naɗin na kamfani ne. Wanda bai yi rajista da ƙungiyoyin da ke karɓar wa mawaƙa kuɗin haƙƙinsu ba, PRS a matsayin marubuci, PPL a matsayin mai rerawa, rediyo za ta yi ta sa waƙarsa ko fam ɗaya bai gani ba. Dizzee ya ci kyautar mawaƙa ta Brit a 2010, ya yi waƙa a buɗe gasar Olamfik ta 2012 a Stratford, maƙwabtan unguwarsu, aka ba shi lambar girmamawa ta masarautar Birtaniya, MBE, a 2020. A 2022 kotu ta same shi da laifin cin zarafin tsohuwar budurwarsa, uwar 'ya'yansa. Da ɗaukakar da laifin, duk yaranmu sun sani.

To mu ina muka tsaya? Yaranmu suna jin kiɗan, ba zan yi maka ƙarya ba. Zo ɗakin biki a nan ka gani. Farkon dare waƙoƙin gida ne, iyaye mata sun sha leshi da ɗauri, ana liƙa wa amarya fam biyar-biyar, waina da miyar taushe a tire. Ƙarfe goma ta yi, dattawa sun fara neman makullin mota, DJ ya leƙa ƙofa ya canja faifai, samari cikin babbar riga da hula suna rera baitin Turancin Bow ba tuntuɓe. Da wata Hajiya ta dawo ɗaukar jakarta da ta manta, kowa ya rusuna, "Sannu Mama", kiɗa ya yi ƙasa. Kafin tara na safe kuma dole a share ɗakin a miƙa makulli, su ɗin ne masu sharar.

Ji daban, sana'a daban. Ƙyamar roƙo da muka taho da ita daga gida har yanzu tana nan, wani lokacin ma ta fi ta ku kauri. Ga shi kuɗin harkar a kulob da bukukuwan rani yake, inda cinikin giya ke biyan mawaƙi, aikin kuma daga sha biyun dare zuwa asuba. Yarbawa sun fi mu sakin jiki da ita: mawaƙin giraim Skepta na unguwar Tottenham ya ci Mercury a 2016, a 2018 aka naɗa shi sarauta a Jihar Ogun. A wurinmu yaro ya ce zai bi wannan layi, sai a tura shi karatun injiniyan sauti a ce masa ai kusa ne.

Maganar aure ita ce ta fi ci mana rai. Mu kaɗan ne, a warwatse tsakanin Landan da Manchester da Birmingham. Yarinya ta kawo ɗan Somaliya ko Bature da ya musulunta, abin da ake bincika sallarsa da aikinsa da danginsa, a yanka sadaki, a ɗaura a masallaci, a yi rajista a ofishin hukuma domin ɗaurin masallacin da ba shi da lasisi doka ba ta san da shi ba. Ta kawo Bahaushe tsantsa amma a ce kiɗan kulob ne sana'arsa, nan ne kawunnai ke zama har sau uku. Sai kuma labari ya iso ku, a ce mun bayar da 'ya ga arne, alhali ango ya fi ɗan unguwarku zuwa asuba.

Hausarsu kuwa tana da rauni, "shi" da "ita" sukan cakuɗe musu, ƙ da k ɗaya suke fita. Amma duk ranar da suka kira gida suka yi gaisuwa, dariya ake fara yi musu, a miƙa wayar ɗaki-ɗaki a ce zo ka ji Baturen Hausa. Yaro ya sha haka sau biyu, karo na uku sai ya ce wa uwarsa ta gaishe su kawai.